Dogo ko Gajere, Mushe Rabo?

Urafan, ranar Talata da hantsi

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona, Mushe Rabo, yadda ake kiran malaman makaranta a ƙasarmu, ɗan mutanen Mayahi, malamin Faransanci a birnin Tasawa.

Assalamu alaikum. Na gaishe ka gaisuwa mai yawan geron da aka zuba a rumbunan Urafan bana, ƙwaya ƙwaya, har da wanda kaji suka tsince a bakin masussuka. Ya raɓar safiyata! Ya tauraron da ke rakiyar wata! Ya wanda in ya yi murmushi sai in ga kamar wake ya yi fure a gonar da ba a shuka ba! Ina fata kana lafiya, kai da 'yan lekol ɗinka da kake karantarwa, da motonka mai ƙafa biyu mai yawan laulayi, da kuma manyan aminanka guda biyu da suka raba ka da natsuwa, suka raba ni da aure, wato kwalaben turaren nan na shagon Malam Sule da ke bakin tasha. Kai kana kiransu da sunayensu na Faransanci masu karya harshe. Ni dai tun ranar da ka turo mani hotonsu na raɗa masu nawa: mai tsawon wuya Dogo, mai faɗin gindi Gajere.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga salula. To, salular ce ta cika, masoyina. Bokal ɗinka, saƙonnin muryar nan da kake turo mani safe da yamma, sun cinye wurin kaf. Kwana ashirin da uku ke nan ina hawa tudun bayan gidanmu neman rezo don saƙo ya shigo, rana tana dukan kaina, zuciyata tana tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance, ina ce ma kaina yau kam zai faɗi ranar da magabatansa za su taso. Sai in danna. Sai in ji muryar nan taka mai daɗi kamar sarewar makiyayi da la'asar tana cewa, “Barira, na sake nazari. Dogo ya fi farkar da hankali, amma Gajere ya fi zurfin tunani.” Wayyo ni ɗiyar mutane! Wace budurwa ce a duk ƙasar Tasawa aka taɓa jingine maganar aurenta har sai an gama shari'a tsakanin kwalba da kwalba?

Bari in tuna maka inda aka kwana, ko nazari ya mantar da kai. Baba Habibu, ƙanen mahaifina, wanda aurena ke hannunsa, ya sa rana kawunnanka su zo daga Mayahi a yi magana, ya ce kai ma ka biyo su ya gan ka ido da ido. Rana ta farko ka ce inspekter zai zo lekol. Aka ce aikin gwamnati ne, ba komi. Rana ta biyu ka ce moto ya yi pan, ya mutu a hanya, alhali kawunnan naka a mota za su zo, ba goyo su za ka yi ba. Aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura, har ta yi tsami ba wanda ya yi sallama. Da na matsa maka sai ka fito da ta uku: wai ba zai yiwu mutum kamarka ya shiga gidan masu haɗa turare ba tare da ƙamshin da ya dace da darajar gidan ba, wai ka tace turarukan Tasawa kaf saura biyu, dukansu lemo a sama, itace a ƙasa, a ba ka lokaci ka zaɓa.

Lokacin ya ƙare, ya farin watana. Shekaranjiya Baba Habibu ya kira ni bakin garke, yana duba kofaton wani sa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe. In rana ta faɗi ban ga ƙafar kowa ba, za a ɗaure mashi kayan gaisuwarsa a mayar Mayahi. Ya je ya auri kwalbar.” Kada ka ɗauka barazana ce. Wannan mutum ne da ya sayar da raƙuminsa lafiyayye don kawai ya cika tsayawa tunani a mararraba.

Ka san halin da nake ciki kuwa? Tun da aka fara girbi amare goma sha ɗaya na haɗa wa turare. Ni ke turara masu lefe, ni ke shafa masu humra a wuya, ni ke tsayawa a bakin ƙofa ina kallon ƙeyarsu ana guɗa. Kowace uwar amarya in ta zo karɓar kaya sai ta karkata kai ta ce, “Ke kuma yaushe, Barira?” Sai in ce ana shiri. Wane shiri? In ce masu angon yana can yana shawara da wuyan hannunsa? Ina kewarka kamar yadda ƙasar jigawa ke kewar hadari, ina kuma jin haushinka kamar ƙarangiya a bakin zane, kuma na rasa wanne ya fi wani yawa!

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni ba zan manta ba ko haƙorana sun zube. Ranar kasuwar Urafan ce, muna rumfarmu ni da Gwaggo Rakiya, wadda ta rene ni, ta koya mani haɗa humra da turaren wuta kamar yadda uwarta ta koya mata, sana'ar da kakanninmu suka gangaro da ita daga Abzin. Ka zo sayen humrar bikin ƙanwarka. Farar riga, bik na rubutu uku a aljihu, garin alli a gwiwar hannu. Ka ɗauki kwalba ɗaya, ka buɗe, ka lumshe ido, ka kaɗa hannu a iska kamar mai korar ƙuda cikin ladabi, ka ce, “Akwai labari a cikin kwalbar nan.” Shekara nawa ina zaune a rumfar nan maza suna zuwa suna cewa, “Ba ni mai ƙarfi, wanda za a ji tun daga bakin titi,” yau ga wanda ya san turare labari gare shi! Ranar na koma gida na zuba gishiri a kunu.

Ka kuma tuna ranar ruwan farko na bana? Ka zo zance da la'asar, hadari ya taso daga gabas, muka fake a rumfar ƙofar gida, ƙasa ta sha ruwa ta saki ƙamshin nan da ke sa tsofaffi ƙwalla. Na ce maka, “Mushe, ka ji?” Ba ka dubi ƙasar ba, ba ka ja numfashi ba. Ni ka duba, ka daɗe kana kallon fuskata, sannan ka ce, “Na ji.” Wata biyar ke nan ina ɓoye da wannan kallon a ƙirjina kamar irin shuka a ƙuryar rumbu. Duk ranar da ka ɓata mani rai sai in fito da shi in duba, in mayar.

To, jiya Litinin na shiga motar kasuwa na zo Tasawa. Kana kilas lokacin, kana koya wa 'ya'yan mutane yadda ake lanƙwasa harshe. Na ce ma Gwaggo itacen sandal ya ƙare, kuma gaskiya ya ƙare. Amma abin da ya kawo ni shi ne in ga Dogo da Gajere da idona, in ji da hancina abin da suka fi ni.

Na sami Malam Sule yana goge kwalabe. Bai san ni ba. Na nuna mashi hoton a salula, na ce ina son in shaƙi waɗannan biyun. Bawan Allah ya ajiye tsumman, ya riƙe kai da hannu biyu, ya ce, “Innalillahi! Malama, ke ma shi ya turo ki?”

Na ce, “Wa?”

Ya ce akwai wani mushe da Allah ya jarrabe shi da shi. Kullum kafin a buga ƙararrawar lekol yana bakin shago, wata rana ma shi ke riga shi zuwa. Ya fesa Dogo a hannun hagu, Gajere a na dama, ya ƙara a wuya, ya ƙara a hula, ya fito da mushuwar ɗinsa na share zufa shi ma a ba shi rabonsa. Sannan ya buɗe salula ya karanto abin da Turawa suka rubuta, ya tare masu sayen sabulu da man shafawa ya yi masu darasi a kan cewa turare yana da kai, yana da zuciya, yana da gindi, har wata tsohuwa ta tambaya ko yanka shi ake yi. In ya gama sai ya ce, “Sai gobe, Malam Sule, ina kan nazari.” Na tsaya ina jinjina kai kamar ban san wanda ake nufi ba, ya kurciyar zuciyata, alhali zufar kunya ta jiƙa mani mayafi.

Sai Malam Sule ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ya ce da ya ga kwalbar gwajin Dogo ta kusa ƙarewa, kuma duk a jikin mutum ɗaya, sai ya kwance bakinta, ya juye ragowar a wani wuri, ya wanke ta da sabulu sau uku, ya cika ta da ruwan randa, ya mayar kan tebur. Baƙar kwalba ce, ba a ganin cikinta. Niyyarsa mushen ya fesa ya ji wayam, ya gane an gaji da shi, ko ya saya ko ya sauya hanya.

“Malama,” in ji shi, “ya fesa. Ya lumshe ido. Ya kaɗa hannu. Ya ce, Malam Sule, yau ya fi jiya. Kwana tara ke nan yana fesa ruwan da nake alwala da shi, yana yi mashi kirari da Faransanci!”

Na yi dariya, Rabo. Ka yafe mani na kira sunanka gatsau, amma na yi dariya har na dafa tebur, har mai shayin da ke gefe ya leƙo. Ina cikin yi na tuna bokal ɗinka na ranar Alhamis, inda ka ce mani Dogo ya natsu a kwanakin nan, ya yi hankali, ya daina damun jama'a, ko atishawa ba a yi a kilas. Na ƙara fashewa da wata. Sai kuma dariyar ta tsaya cak.

Don a nan ne abubuwa suka fara jeruwa a gabana ɗaya bayan ɗaya, kamar shanu a hanyar rijiya. Ranar da motonka ya tsiyaye maka esansi, man fetur, a wando, ka shigo zaurenmu kowa yana toshe hanci, ka zauna dab da kaskon turare mai garwashi kana ba ni labarin yarintarka a Mayahi, ni kuma na janye kaskon da ƙafa ina cewa a raina wannan jarumi ne, so ya hana shi tsoron wuta. Ranar da ka yaba humrar da ke jikina, alhali daga sharar garken awaki na fito, ko hannu ban wanke ba. Da ranar ruwan farko. Wayyo, ranar ruwan farko! Ashe fuskata kake karantawa ka ga mi ya kamata ka ji.

Ba ka jin ƙamshi, masoyina. Ba ka jin wari. Hancin nan naka, dogo, siriri, wanda 'yan matan Urafan ke zancensa a bakin pampo, ado ne kawai, kamar tagar da aka zana a bango. Ban sani ba ko tun zazzaɓin nan ne da ka ce ya kwantar da kai wata guda kana makarantar horon malamai, ko haka Allah ya halicce ka. Za ka gaya mani da bakinka. Malam Sule dai ban ce mashi uffan ba. Shi a ganinsa kai marowaci ne mai iyayi, kuma na bar shi a haka, don na ga kamar ya fi maka sauƙin ɗauka.

Na ce ya kawo mani na gaskiyar, ya kawo. Kai kwana ashirin da uku ba su ishe ka ba, ni numfashi huɗu ya ishe ni. Duk da haka na shafa ɗaya a bayan hannun hagu, ɗaya a na dama, na taho da su har gida in ga wanda zai jure hanya. Saurara, malamin lekol, yau kai ne a kan benci. Zan faɗa maka su da abin da ido ke gani da abin da fata ke ji.

Dogo da ihu yake shigowa. Lemun tsami ne tsagwaro, kamar a watsa maka ruwan sanyi a fuska ba shiri, kamar hasken rana a kan sabon kwano. Minti goma na farko sai ka rantse ba a taɓa yin turare kamarsa ba. Daga nan lemon ya tattara nashi ya nashi ya tafi, ya bar wani itace siriri, busasshe, irin ɓawon kireyon rubutu da 'yan kilas ɗinka ke fiƙewa su zubar ƙarƙashin tebur. Kafin motar ta wuce gonakin bakin gari ya fara sallama. Da muka yi rabin hanya na shinshina hannun hagu, ba kowa a gidan. Dogo irin saurayin nan ne mai zuwa zance da sabon takalmi da zaƙin baki, ranar da aka ce ya turo manya sai ka neme shi ka rasa. Ban kama suna ba.

Gajere shi ba ya gaisuwa da ƙarfi. Farkonsa ɓawon lemun zaƙi ne da aka murza tsakanin yatsu, da ɗan ɗaci a bayansa, har sai ka ce bai iya magana ba. Ka ba shi lokaci. In jiki ya ɗumama sai ya buɗe, saiwar jema ta fito, ciyawar nan ta fadama, mai sanyi kamar ka shiga ɗakin laka da tsakar rana ka cire takalmi. A ƙarƙashinta kuma sandal, mai laushi kamar tsohon zanen da ya sha wanki. An matse mu a mota, ga buhunan wake, ga awaki biyu a bayanmu, ga zufa, amma da na sauka Urafan yana nan a hannun dama bai motsa ba. Na yi alwalar la'asar, na yi ta magariba, yana nan. Da safen nan da na ɗauki bik zan rubuta maka, ɗan saura nashi ya ɗago ya gaishe ni.

Gajere za ka saya. An yanke hukunci, alƙali ya tashi. Fesa biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙirjin riga, ka mayar da murfi. Biyu na ce! Ba hula, ba mushuwar. Sai yanzu na gane abin da ke sa 'yan kilas ɗinka atishawa. Bayin Allah sun daɗe suna shan wuya, ba su da inda za su kai ƙara.

Yanzu bari in ajiye wasa, ya zumar bakina, don na yi fushi. A mota na yi kuka, na ce ma matar da ke kusa da ni hayaƙi ne ya shigar mani ido. Ba hancin na yi wa kuka ba. Mutum nawa ne ke yawo da ido ɗaya, da kunne ɗaya, suna aure, suna haihuwa, suna cin tuwonsu lafiya? Shekara guda na yi wa kuka. Shekarar da na yi ina kawo maka kowane sabon haɗi ka fara ji kafin kowa, ina tsaye ina jiran hukuncinka kamar 'yar jarrabawa, kai kuma kana cewa a ƙara kaza, a rage kaza. Akwai humrar da na zubar na sake haɗawa har sau biyu don ka ce ta cika surutu! Mi ya hana ka gaya mani? Wace irin mace ka ɗauke ni? Ka zaci in na ji zan naɗe tabarma in ce ka gaida gida? Ina buɗe maka zuciyata kamar ƙwaryar nono, kai kana rufe taka da faifai kana murmushi!

Sai kuma na tuna rabin laifin nawa ne. Ni ce na taɓa ce maka, muna raha, duk namijin da zai auri ɗiyar gidanmu sai Gwaggo ta ɗaure mashi ido, ta jera mashi kwalabe bakwai ya faɗi sunan kowace, in ya kuskure ɗaya a sallame shi. Na ga ranar ka ajiye ludayi, ka ce yamma ta yi. Ni na ɗauka ka ƙoshi ne. Zolaya ce, wallahi zolaya ce! Ba a taɓa yi wa kowa haka ba. Mijin yayata mahauci ne, kuma da hannu biyu aka karɓe shi. Ashe tun ranar kake haddar rubutun Turawa kamar mai shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, kana neman kwalbar da za ka laɓe a bayanta. Ya Allah, irin tsoron da ka yi ta ɗauka kai kaɗai, ni ina nan ina ƙirga amaren mutane!

Da na iso gida ban iya riƙewa ba. Na sami Gwaggo a tsakar gida tana tankaɗe garin turare, na durƙusa na faɗa mata komi, ina jiran ta tashi gidan da faɗa. Ko tsayar da rariya ba ta yi ba. Ta ce, “Sai yau kika sani?”

Wai ita tun kafin azumi ta sani. Ranar ana suyar farce a gidanmu. Kai ba ka san farce ba sai a rubuce. Ƙumbar wani abin teku ce da muke sa wa turare don ya kama jiki, amma kafin ta zama abin arziki sai an jiƙa, an kankare, an soya, kuma warin suyarta kamar an haɗa ƙaho da gashi da ruɓaɓɓen kifi an cinna masu wuta. Ranar maƙwabta sun rufe tagogi, Baba Habibu ya tuna yana da aiki a daji, kajin gidan ma sun ƙaura. Ni an aike ni unguwa. Kai ka yi sallama, aka ba ka tabarma a zaure, daidai inda iska ke tura hayaƙin. Ka zauna, ka miƙe ƙafa, ka shanye ƙwaryar fura tas, ka ce ma Gwaggo, “Gidanku ko iskarsa albarka ce.”

“Tun ranar na so yaron nan,” in ji ta. “Shekara talatin da huɗu na yi da marigayi, Allah ya jiƙansa, kullum na ɗora kasko sai mita, hayaƙi ya dame shi, farce ya hana shi cin tuwo, sai in kwashi kayana in tafi bayan gari kamar mai jima. Ke Allah ya kawo maki wanda za ki soya farce a gindin gadonsa ya ce maki sannu da aiki, kina kuka? Tashi ki rubuta mashi ya zo, kafin masu daddawa su ji labari su riga mu.”

Ka ji, ya dabinon zuciyata. Ba ɗaure ido, ba jarrabawa. Tabarma ce da fura da tsoho mai gajen haƙuri. Shofer ɗin motar kasuwa zai miƙa maka takardar nan kafin la'asar. In ka karanta ka kira kawunnanka yau, ba gobe ba. Ku taso da sassafe ranar Asabar, ku iso kafin azahar. In motar Mayahi ta cika ku hau amalanke, in jakin ya gaji ku sauka ku ja shi.

Ni kuwa ga alkawarina, na rubuta shi da hannuna. Muddin ina numfashi zan shinshina maka duniya. Ni zan gaya maka in nono ya juya, in wake ya kama a tukunya, in rigarka ta kai ranar wanki, in hadari ya kusa tun kafin a gan shi. In Allah ya ba mu jariri ni zan gaya maka ya ɓata zane, amma wankin kai za ka riƙa yi, tunda an sauƙaƙa maka. Sirrinka daga ni sai Gwaggo. In ka ga dama ka faɗa wa duniya, in ka ga dama mu tsufa da shi. Ni kaɗai ce ba za ka ƙara ɓoye wa komi ba.

Saura abu ɗaya. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu, duk wanda ya yabe ni ƙamshina ya yaba. In na wuce sai a ce humra ta wuce. Samari biyu sun zo kafin kai, kowannensu in ya buɗe baki turaren yake wa waƙa, har nakan tambayi kaina, ranar da na fito ba shafe-shafe, anya wani zai gane ni a hanya? Jiya a motar nan, bayan kukan ya tsaya, wani abu ya faɗo mani a rai da ya hana ni jin ramukan hanya. Shekara guda kana keta yashin Urafan a kan moto, mako bayan mako, da rana da ruwa, zuwa wurin macen da ba ka taɓa jin ƙamshinta ba ko sau ɗaya. To mi kake zuwa nema? Mi ka gani? Na daɗe a gaban madubi da safen nan, ban gano ba.

Ranar Asabar, in manya sun gama magana sun shafa fatiha, zan fito rakiya bakin ƙofa. Ba humra, ba hayaƙi, wankan sabulun salo kawai. A nan za ka faɗa mani. Ko kalma uku ce, ko ba ta da ado, in dai taka ce.

Taka yau, taka gobe, taka har furfura ta rufe kanmu mu biyu ƙasa ta karɓi wanda ta fara kira,

Barira